Ɗan Kofur Bobai da 'Yar Mai Bigila

Surukina Baba Kambai ya zo Birmingham a shekarar 2006, bayan rasuwar matarsa Mama Murna. 'Yarsa Monica, wato matata, ita ta matsa sai ya zo, don ta ce ba za ta iya aikin nas a nan hankalinta yana Kafanchan ba. Ya zo da niyyar ya huta ya koma, sai ga shi har yau yana ɗakin ƙasa na gidanmu a Erdington, kusa da kicin, inda ba sai ya hau bene ba.

Dogon mutum ne, tsohon direban jirgin ƙasa, kuma ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Ba shi da yawan magana. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce asali dai ƙasar Atyap, amma shi ɗan bariki ne, duk inda aka kai babansa nan ne gari. Iyakar abin da na sani game da ƙuruciyarsa ke nan, ni da na yi shekara da shekaru ina cin tuwo tare da shi.

A watan Fabrairu na 2022, ran nan na dawo daga shift ɗin safe, don bas nake tuƙawa, na tarar da shi tsaye a gaban talabijin, abin da ba ya yi. Yaƙi ya ɓarke a Ukraine. Ana nuna wata tashar jirgin ƙasa, ana tura mata da yara cikin tarago, maza suna tsaye a ƙasa suna ɗaga musu hannu.

Ya ce, "Jabez, zo ka gani. Namu a juye yake. Mu maza ne suka shiga jirgin, mata da yara muka tsaya a ƙasa."

Na ce, "Yaushe ke nan, Baba?"

Ya ce, "Yaƙin Hitila mana." Ya nemi kujera ya zauna. Ko rigar aiki ban cire ba, na zauna kusa da kunnensa mai ji.

An haife shi a barikin soja na Kaduna wajen 1933. Mahaifinsa Kofur Bobai sojan ƙasa ne. Ɗakin da ke jikin nasu na wani mutumin Azare ne, Abdulsalam, wanda ake kira Mai Bigila, don shi ke busa wa bariki tashi da fareti. Bobai bai san masallaci ba, a lokacin bai ma san coci ba, Abdulsalam kuwa ba ya wasa da salla, amma tun suna kurtu suke tare, har sojoji na musu tsiya wai tagwaye ne da aka raba wa iyaye. Matar Abdulsalam, Inna Dije, tana da 'ya ɗaya, Batulu, wadda Kambai ya girme ta da kamar shekara uku.

Baba yana tuna ranar da aka yi shelar yaƙi, a ƙarshen daminar 1939. An tara sojoji a filin fareti, wani Bature ya yi magana, sajan manja ya fassara: Jamus ta auka wa wata ƙasa, Ingila ta shiga faɗan, don haka kowa ya zauna da shiri. Yara suna leƙe ta bayan waya. Suka koma gida suna jiran su ji ƙarar bindiga, ba su ji komai ba. Wata ya bi wata, ba abin da ya sauya sai yawan rawar daji da sababbin kurata da ake ta kawowa daga ƙauyuka, wasu ko Hausa ba sa ji. Har mata suka fara cewa yaƙin nan na bakin Turawa ne kawai.

Sai da damina ta zagayo aka ce a ɗaure kaya. Ba a faɗa musu inda za su ba. Mata da yara suka bi su har tasha, magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, tana gaba tana tsawata wa masu kuka, ita ma hawayen na zuba. Abdulsalam ya ɗauko Batulu a wuya tun daga bariki, tana riƙe da jar hularsa. Da aka busa usur ya sauke ta, ita kuwa ta ƙi sakin hular, sai da Kofur Bobai ya ba ta guntun rake sannan ta saki. Jirgin ya ja zuwa Ikko. Daga baya aka ji an zuba su a jirgin ruwa, sun zagaya ƙarshen Afirka, sun sauka Mombasa, domin Italiya ta shiga yaƙin kuma tana da runduna a Somaliya da Habasha.

Labari yana zuwa jefi-jefi. Wani malamin ofis yakan karanta wa mata jaridar Hausa a gindin mangwaro, su kuma yara su kwashi sunayen garuruwa su mai da su wasa. Bayan ɗakin girki ne Kismayo, juji ne Mogadishu. Rigimar kullum ita ce ba wanda ke yarda ya zama ɗan Italiya, sai a tilasta wa ƙananan. Baba ya yi dariya ya ce Batulu ta sha zama Italiya.

A farkon 1941 labarin ya yi daɗi. An ce sojojin Nijeriya sun haye kogi sun shiga Mogadishu, sun nausa arewa a motoci, abokan gaba suna ta ja da baya. Mata suka yi guɗa. Ba a daɗe ba aka aiko a kira Inna Dije ofis, magajiya ta raka ta. Kambai yana wasa a ƙofar ɗaki ya ga sun dawo, magajiya tana riƙe da ita kamar mara lafiya.

Sai da sojojin suka dawo gida, wajen ƙarshen shekarar, Kofur Bobai ya faɗi yadda abin ya faru. Sun yi tafiya mai nisa cikin ƙasa busasshiya, ba abin da ke damunsu sai ƙishirwa da ciwon baya. Da suka doshi Harar sai hanya ta shiga tsakanin duwatsu, a wani wuri da ake kira Marda, kuma a can sama 'yan Italiya suka girke manyan bindigogi. A ranar ba busa aka sa Abdulsalam ba, ɗaukar waɗanda suka ji rauni aka sa shi. Ya sauko da mutum ɗaya, ya koma ɗauko wani, harsashin igwa ya fashe kusa da shi. Musulmin kamfaninsu suka yi masa salla. Bobai ya ce shi bai iya sallar ba, don haka ya karɓi shebur, shi ya haƙa kabarin, bai yarda wani ya taya shi ba.

Kafin ma ya dawo, matarsa Kuyet, mahaifiyar Kambai, ta riga ta yanke shawara. Doka ce matar mamaci ta bar ɗakin soja. Kuyet ta kwaso kayan Inna Dije ta shigar ɗakinta, a nan ta yi takaba. Su biyun suka shiga toya ƙosai a bakin kantin sojoji. Bayan kamar shekara biyu sanƙarau ya shigo bariki, ya tafi da Inna Dije. A lokacin an sake kwashe sojoji zuwa ƙasar Bama, can ƙetaren teku, har da Bobai. Aka aika Azare, shiru, ba wanda ya zo.

Baba ya ce, "Sai uwata ta zama tana da 'ya'ya biyu. Ta sayi tukunya dabam, ta ce wannan ta Batulu ce, naman da ba a yanka ba ba ya shiga cikinta. Kullum da safe ni nake kai ta wajen limamin bariki karatun allo, in zauna a waje ina jifan ƙadangaru har a tashi. In ta yi kasala da azumi, uwata ce mai faɗa."

Batulu tana hannunsu har ta kai shekara goma sha biyu da haihuwa kafin wani ƙanin mahaifinta ya zo daga Azare neman ta. Bobai, wanda ya dawo daga Bama da raunin ƙafa, ya kai ta da kansa har gida, ya ga inda za ta zauna, sannan ya dawo. Zumunci bai yanke ba. Da za ta auri wani malamin dabbobi, su Kambai suka je biki. Shi kuma ya shiga reluwe, ya fara da zuba wa inji kwal, ya gama yana direba, kuma in aiki ya bi da shi kusa da inda aka kai mijinta yakan sauka ya kai mata doya da citta. Ganinsu na ƙarshe a jana'izar Bobai ne, cikin shekarun 1970, ta zo da goyo ta zauna cikin 'ya'yan mamaci.

Daga nan aka yi ta yi wa mijinta canjin wurin aiki. A 1987 rikici ya tashi a Kafanchan, gidan da Baba yake haya ya ƙone, suka koma wata unguwa. Da ƙura ta lafa ya je Azare, aka ce tsofaffin gidan sun mutu, ita kuma suna jin tana wajen Gusau ko Sakkwato. Ya je Gusau bai same ta ba. Ya ce daga baya sai ya sa a ransa ta rasu, don in tana raye da ta neme shi.

Monica ta dawo aiki ta same mu a haka. Ta san sunan Goggo Batulu, amma ba ta taɓa jin labarin tun daga tushe ba. Ta ce, "Baba, duk shekarun nan ba ka taɓa faɗa mana ba."

Ya ce, "Ba ku tambaya ba. Kullum kuna sauri."

Da bazara ta shigo, ƙungiyar 'yan Arewa ta Birmingham ta yi taronta na shekara a wani park, Musulmi da Kirista, da tsire da masa da kunun aya, yara suna ta ihu da Turancinsu na 'yan Birmingham. An saba a ba dattijo ɗaya ya yi nasiha, shekarar nan aka miƙa wa Baba abin magana. Na ɗauka zai sa albarka ya zauna. Sai ya ba su labarin Kofur Bobai da Mai Bigila, da tukunyar Batulu. Kowa ya kasa kunne, har masu gasa nama suka matso. Wani ya ɗauka a waya ya saka a WhatsApp, abin ya yi ta yawo daga wannan group zuwa wancan.

Ran wata Asabar muna karyawa, wayar Monica ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ta sa a speaker don hannunta da mai.

"Salamu alaikum. Don Allah ke ce 'yar Baba Kambai? Sunana Junaidu, daga Manchester nake kira. Da ƙyar na samu number ɗinki. Mahaifiyata tana wajena, ta zo an yi mata aikin ido. Jiya na kunna mata wani video don in ɗebe mata kewa, tun daga nan ba ta bar mu mun huta ba. Ta ce in tambaya, shin sunan mahaifiyar tsohon Kuyet?"

Monica ta dube ni. A taron, Baba bai ambaci sunan mahaifiyarsa ba. Kafin ta amsa sai muka ji kokawar karɓe waya, sannan muryar tsohuwa, siririya.

"Yaya? Yaya Kambai?"

Baba ya ajiye cokali. Monica ta kai wayar kusa da kunnensa mai ji. Can ya ce, "Batulu, kina ina?"

"Ina nan, Yaya. Ga ni nan kusa da kai ashe."

Ya juyo gare ni ya ce, "Jabez, ɗauko mota."

Monica ta ce a bari sai gobe bayan coci, ga maganinsa, ga cunkoson motoci a motorway ranar Asabar. Ya ce shi ya yi jira iyakar jira, in ba za mu kai shi ba a nuna masa hanyar tashar New Street ya hau jirgi, ai ya san jirgi. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta Kirsimeti. A hanya ya sa na tsaya a shagon 'yan Afirka ya zaɓi doya biyu da hannunsa, yana ƙwanƙwasa su yana tsaki wai ba su kai na gida ba.

Junaidu injiniya ne, yana zaune a Whalley Range, a flat ɗin ƙasa na wani tsohon babban gida. Yana tsaye a ƙofa yana jiranmu. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, Kawu." Baba ya dafa kansa.

Hajiya Batulu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, sanye da baƙin tabarau saboda aikin idon. Ta miƙe daga kujera ba tare da sanda ba. Ba ta yi masa Hausa ba. Da Tyap, yaren su Baba, ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya irin ta tsofaffi, wadda ko Monica ba ta iya ba. Baba ya amsa, daga nan duk suka fashe da kuka. Muka fita kicin muka ba su wuri.

Da muka dawo sun koma faɗa.

"Na je Kafanchan har sau biyu," in ji ta. "Aka nuna mini kango. Wani ya ce kun koma Jos."

"Wane Jos? Muna nan bayan kasuwa. Ni kuma na je Gusau."

"Gusau? Ai shekara ɗaya muka yi a can. Muna Kano tun tuni. Kai dai Yaya ba ka iya neman mutum ba."

"Ke kin iya?"

Ta kama hannun Monica ta zaunar da ita a gefenta, ta ce ta ɗauke ta tana jaririya. Monica ta ce, "Goggo, ga shi yanzu ni ma na kusa jika." Suka yi lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Ya faɗa mata yadda Kuyet ta cika da sunanta a baki. Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Bayan an ci abinci ta ce, "Yaya, akwai abin da na daɗe ina so in tambaya, ba wanda zan tambaya. Ni fa ban san fuskar Baba ba. Ba shi da hoto. Dangi a Azare kowa da irin tasa, wani ya ce fari ne, wani ya ce baƙi. Abin da nake tunawa jar hula ce kawai. Kai ka san shi?"

Ya ce, "Na san shi kamar yunwar cikina. Gajere ne, mai faɗin ƙirji saboda busa." Ya tsaya yana neman yadda zai kwatanta sauran.

Daidai nan Hanan, 'yar Junaidu da ke karatun pharmacy a uni, ta shigo da tiren shayi. Baba ya bi ta da kallo har ta ajiye.

Ya ce, "'Yata, tsaya. Juyo wajen taga."

Ta dubi mahaifinta. "Dad, what did I do?"

Junaidu ya ce, "Ba komai, yi abin da Kaka ya ce."

Ta juya tana murmushin kunya. Baba ya nuna ta da yatsa. "Batulu, ga shi nan. Goshin nan nasa ne, da wushiryar nan. Ki ƙara masa duhu kaɗan, ki sa masa tsage biyu a kunci. Shi ke nan, kin ga babanki."

Hajiya Batulu ta cire tabarau. Junaidu ya ce, "Hajiya, likita fa ya ce..." Ta ɗaga masa hannu. Ta jawo yarinyar ta riƙe fuskarta da tafuka biyu, tana kallo da sabon idonta. Ta ce, "Shekara ashirin ina kallon yarinyar nan, ashe ban sani ba." Junaidu ya fassara wa Hanan, ita ma idonta ya kawo ruwa, ta durƙusa ta bar kakarta ta kalla iya son ranta.

Kafin Hajiya ta koma Kano sun zo mana Erdington sau da dama, mu ma mun koma. 'Ya'yanmu Zoe da Bethany sun saba da Hanan, har suna zuwa Manchester su kaɗai. Yanzu kusan kullum da hantsi sai wayar Baba ta yi ƙara, mu ji shi yana ɗaga murya yana cewa ya sha maganin, ta daina damunsa.

A watan jiya ta kira ta ce za a aurar da jikanta a Kano cikin Disamba, kuma ta riga ta shaida wa dangin amarya cewa yayanta zai zo daga Ingila ya zauna cikin manya. Baba ya fi shekara goma bai taka Nijeriya ba. Monica ta ce sam, mutum mai shekara casa'in ba zai yi wannan doguwar tafiya ba. Suka tafi wajen GP kowa yana fatan a goyi bayansa. Likitar ta duba shi ta ce zuciyarsa lafiya lau, ƙafafun ne ke son motsi, in ya dage da tafiya kullum za a sake dubawa kafin lokacin.

Tun daga ranar, da ya karya sai ya sa kwat da hula ya ɗauki sanda ya bi High Street, ya je har laburare, ya huta a benci, ya dawo. Masu shaguna sun san shi, mai kifi har ɗaga masa hannu yake. Monica tana mita, amma na gan ta tana duba farashin tikiti, kuma ta nemi hutu a wajen aiki.

Jiya ina tuƙa bas na hango shi a bakin titi ya fito daga shagon takalma da leda a hannu. Da na dawo gida na ce, "Baba, sabon takalmi aka yi?"

Ya ce, "Na biki ne. Zan fara sa shi tun yanzu ya saki, kada ya ci mini ƙafa a gaban surukai."